Kafin Katafila Ta Iso Ɗandamisa

Duk wanda ya san Ɗandamisa da sauran garuruwan ƙasar Maƙarfi, Ikara da Kudan, ya san cewa da zarar an kawar da amfanin gona, an sare rake an ɗora wa motoci, sai samari su ɗaure 'yan komatsansu su nufi Zariya, Kaduna ko Kano. Wani ya tafi tura baron rake, wani leburanci wajen magina, wani tuƙin babur mai ƙafa uku, wani kuma karatu ne ya fitar da shi. Sana'o'in sun bambanta, amma abin da ke fara tarar kowannensu a birni ɗaya ne: ina za a kwana? Sai a iske samari biyar ko shida cunkushe a ɗaki guda a Tudun Wada ko Rigasa ko Kurna, wasu a shago bayan an tashi daga kasuwa, wasu a kangon da mai shi bai kai ga rufawa ba. Wanda ya yi ƙoƙarin kama ɗaki ciki da falo, a ce ya kawo kuɗin shekara cur a dunƙule, ga la'adar dillali a kai. Samari nawa ne suka haɗa sadaki da lefe, aka sa rana, aka ɗaga, aka sake ɗagawa, don kawai an rasa inda za a ajiye amarya?

In aka tambayi mahukunta, amsarsu a shirye take. Wai jama'a ce ta yi yawa, wai kuma talakawa ne ba su bin doka, suna gini barkatai. Jama'a kam ta ƙaru. A ƙidayar 2006 an sami kimanin mutum 146,000 a ƙaramar hukumar Maƙarfi, 194,000 a Ikara, 139,000 a Kudan, kuma yaran da aka haifa a wannan shekara yau sun isa neman ɗakin kansu. Sai dai ƙasa ba ta ƙare ba. Wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano ya ga fili iya ganin ido. Abin da ya yi ƙaranci shi ne filin da aka auna, aka fitar masa da hanya da magudanar ruwa, aka yi masa takarda, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin mai tura baro ba. Wannan ƙaranci kuwa dokokin filaye da na tsara gari ne suka haife shi. Doka ce wadda ba a ganin ta da turakun awo a lokacin da ake buƙatar ta, sai bawan Allah ya gama ɗora kwano sannan ta iso da jan fenti, katafila na biye da ita.

Kada wani ya ɗauka cewa tsara gari baƙon abu ne ga mutanen wannan ƙasa. Lokacin da aka kafa birnin Kufa a shekarar 638, zamanin halifancin Sayyidina Umar, sai da aka fara shata wurin masallaci da tituna, manyan hanyoyi zira'i 40, ƙananan lunguna zira'i bakwai, sannan aka raba wa ƙabilu unguwanni. Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan haƙƙin hanya da na maƙwabci: ba a buɗe taga ta leƙa tsakar gidan wani, ba a sakar wa katangar wani indararo, ba a cinye hanyar jama'a da dakali. A nan ƙasar Hausa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman a kan yadda ake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita ta hanyar raya ta. Ganuwar Zariya kanta, da aka ja ta, sai da aka bar gonaki da fili a cikinta saboda masu zuwa a baya. Manufar wancan tsari ita ce hana cuta tsakanin mutane. Ba ya tambayar nauyin aljihun mutum kafin ya ba shi damar kafa zaure.

Tsarin da ake bi yau daga wata rijiya daban ya sha ruwa. A 1917 Gwamna Lugga ya kafa dokar garuruwa wadda ta raba mazauni bisa launin fata da matsayi. Aka keɓe wa Turawa unguwarsu mai manyan filaye da itatuwa, aka wajabta barin tazarar yadi 440 babu gini tsakaninta da inda baƙar fata ke zaune, wai don tsoron sauro da cuta. Da wannan tunani Zariya ta kasu: ga birni, ga Tudun Wada, ga Sabon Gari, ga unguwar Turawa can gefe. Da Bature ya tafi a 1960, sai manyan ma'aikata suka tare a gidajensa, a unguwar da ake kira GRA, amma ba a canza ma'aunin ba. Har yanzu in an ce gida na ƙa'ida, hoton da ke zuwa wa mai zanen gari shi ne gidan mutum ɗaya a tsakiyar makeken fili, da garejin mota da wurin shuka furanni. Gidan Bahaushe mai zaure da sassa huɗu ko biyar, da ɗakunan samari a waje, da shago a jikin katanga, wanda shi ne ya ɗauke mafi yawan jama'a, ba da shi aka zana taswirar ba.

Sai kuma dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki yadda gyara ta sai an sha wuya. Ya kamata kowane matashi ya san abin da ke cikinta, domin ita ke mulkin gonar ubansa. Dokar ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filayen birni gwamna ne ke bayar da su, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Gwamna ne kuma ke da ikon cewa wuri kaza ya zama birni daga yau, wato da sa hannu guda gonakin ƙauye na iya fita daga hannun ƙaramar hukuma su koma nasa. Mai riƙe da takardar gwamna ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa sai da yardar gwamna. In gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta yanka ta gini ce da amfanin gona da sauran abin da aka raya a kai, ita kanta ƙasar ba a biyan kuɗinta. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sashe na 36 ya hana a yanyanka gonar karkara da mutum ke riƙe da ita tun kafin dokar a mai da ta fulotai, ya kuma hana a sayar da ita, har da tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa.

To, a duba halin da aka jefa talaka. Manomi ba shi da izinin yanka gonarsa. Gwamnatin da ke da izinin kuma ba ta yankawa sai jifa-jifa, in ma ta yanka, fuloti mafi ƙanƙanta da aka saba shi ne ƙafa 50 da 100, daga nan sai 100 da 100 zuwa sama, kuma kowa ya san su wa ke fara jin labarin rabon. Wanda Allah ya ci da shi ya samu, ga kuɗin awo, ga kuɗin takarda, ga harajin fili na shekara-shekara, ga zanen gini da sai ƙwararre ya sa wa hannu, ga kuɗin izinin gini. Bayan wannan duka sai a zo kan siminti, wanda a farkon 2024 buhunsa ya haura naira 10,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a wannan shekara naira 70,000 ne. Albashin wata guda cur, buhu bakwai ke nan, ba a ci ba, ba a sha ba. Ina ga wanda ba shi da albashin ma?

Ruwa in an tare masa hanya, sai ya nemi wata. Haka aka sami awon igiya. Manomin da gari ya cim masa ya san in ya tsaya jira, wata rana za a karɓe gonar a biya shi kuɗin dawa da 'yan itatuwa, don haka sai ya kira dillali, a kawo igiya, a yanka ƙafa 25 da 50 ko abin da ya samu, mai unguwa ya sa hannu a takarda, ciniki ya faɗa. Talaka ya saya, ya yi ɗaki ɗaya da banɗaki ya shiga, in ya sami sarari ya ƙara. Ta wannan hanya aka gina mafi yawan sababbin unguwannin da ke kewaye da Zariya, Kaduna da Kano. A 2024 ma'aikatar gidaje ta tarayya da bakinta ta amsa cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na filayen ƙasar nan ba su da rajista. Abin tambaya a nan shi ne, dokar da ta mai da mutum tara cikin goma masu laifi, jama'ar ce ta kauce ko dokar?

Gaskiya ɗaya ce, ba za a wanke awon igiya tas ba. Dillalin da ke son ƙarin fuloti biyu shi ke matse hanya har ta koma lungun da motar asibiti ba ta shiga, balle ta kashe gobara. Ba a barin filin makaranta, ba a barin maƙabarta, ana cike kududdufi da hanyar ruwa a yi gini, damina ta zo ta rusa gidaje a kan mata da yara. Akwai masu sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, akwai masu unguwanni da ke sa hannu ido rufe saboda ɗan abin goro. Wanda ya ci filin makaranta ko burtalin makiyaya ya zalunci al'umma, ko da talaka ne. Saboda haka ba wanda ke cewa a yi watsi da tsari. Abin da ake cewa shi ne tsarin ya riga igiya isowa.

Ga yadda abin ke ƙarewa in bai riga ta ba. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Legas ƙarƙashin Raji Rasaki ta rushe Maroko, aka watsa mutane kimanin 300,000 ana tsakiyar damina, kuma a yau filin na cikin wurare mafi tsada a Legas. A nan gida, a 2015 hukumar KASUPDA mai kula da tsara birane a Jihar Kaduna ta rushe gidajen da aka ce an gina a filin Kwalejin Alhudahuda da ke Zariya. A 2021 aka rushe gidaje masu yawa a unguwar Graceland, hukuma na cewa filin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ne, mazauna na cewa da guminsu suka saya. A Kano kuwa, a watan Yunin 2023 sabuwar gwamnati ta rushe gine-ginen da aka yi a filayen da gwamnatin da ta gabace ta ta bayar, har da shagunan filin Idi. A bar maganar wa ke da gaskiya a kowace shari'a. Gini ba a dare ɗaya yake tashi ba. Ana haƙa tushe, ana jera bulo, ana ɗora kwano, shekara da shekaru, a gaban idon ma'aikatan da ake biya albashi don su hana. Ina suke a lokacin? Wane jami'i aka taɓa tilasta wa biyan asarar gidan da ya kau da kai aka gina, ko wanda shi da kansa ya sa wa hannu? Kullum a kan mai ƙaramin ƙarfi tulun ke fashewa.

In aka matsa wa gwamnatoci da kuka, maganin da suka sani ɗaya ne: a ba ɗan kwangila ya gina rukunin gidaje. Gwamnatin Shagari ta yi alkawarin gidaje 40,000 duk shekara, 2,000 a kowace jiha, ba a ko kusanci cika alkawarin ba. A 1991 gwamnatin Babangida ta yi shelar gida ga kowa kafin shekara ta 2000. A 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa, ana yankar kashi biyu da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci, amma samun rancen sai mai takardar mallaka da shaidar samun kuɗi a kai a kai, abubuwan da mai tallan rake bai taɓa riƙewa ba. A Kano an gina biranen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo tsakanin 2011 da 2015, gidaje masu kyan gani, amma da yawansu sun shafe shekaru a kulle, alhali a Kurna da Ɗorayi ana kwana bisa juna. Dalili a fili yake. Gidan da ɗan kwangila ya gama ya shafa wa fenti, kuɗinsa a dunƙule ake nema, shi kuwa talaka da kaɗan-kaɗan yake gini, kamar yadda tsuntsu ke yin sheƙa.

Wasu ƙasashe sun gane haka. A 1972 gwamnatin Senegal, da rancen Bankin Duniya, ta auna dubban ƙananan filaye a gefen Dakar, ta fitar da hanyoyi, ta kai ruwa, ta bar wa mutane su gina da kansu gwargwadon hali. Shirin ya gamu da jinkiri, kuma masu hali sun saye wasu filayen, amma wurin ya zama babbar unguwa mai layuka a miƙe. A Karachi ta Pakistan, daga 1980, mazauna unguwar Orangi, wadda ita ma ba bisa awon hukuma ta tashi ba, sun haɗa kuɗi layi-layi suka shimfiɗa wa kansu magudanan ƙazanta da shawarar ƙwararru, a kan kuɗi kaɗan. Hatta ƙasashen da suka ƙirƙiro wannan salo na keɓe unguwanni sun fara janye jiki daga gare shi. Birnin Minneapolis na Amurka ya yanke shawara a 2018 cewa filin da a da doka ta ce gidan iyali ɗaya kawai za a yi a kai, a iya yin na iyali uku. Houston tun 1998 ta rage mafi ƙarancin girman fuloti a tsakiyar birni daga murabba'in ƙafa 5,000 zuwa 1,400. Wannan 5,000 ɗin daidai yake da 50 da 100 da ake riƙe da shi a nan kamar wahayi. Lissafin kuwa ba ya buƙatar digiri: filin 100 da 100 da ake ba mutum ɗaya, zai fitar da takwas na 25 da 50.

Wani zai ce, ina ruwan Ɗandamisa da wannan, ai matsalar birni ce. Rigasa ma da ƙauye ce. Garin Maƙarfi na faɗaɗa, makarantar koyon aikin lafiya da ke can ta jawo ɗalibai masu neman ɗakin haya, haka Ikara da Hunkuyi ke cin gonakin da ke bakinsu. An sake gina titin Zariya zuwa Kano wanda ya ratsa ta Tashar Yari, an kuma ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Kaduna a 2021. Duk inda hanya ta gyaru, masu kuɗin birni na biye da ita suna sayen gonaki su kewaye su ajiye. A cikin ƙauyukan kansu, gidan gado da ya ɗauki mutum goma a da, yau jikoki arba'in ke jiran rabonsa, kowa na fita bayan gari ya kafa ɗaki inda ya samu. Yanzu ne fitar da hanya ba ya cin komai sai turaku da yardar masu gona. Nan da shekara ashirin, hanyar nan ba za ta fita ba sai an rushe ɗakin wani.

Saboda haka akwai abubuwan da ya wajaba a nema daga mahukunta, kuma a nema da babbar murya. Na farko, gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Maƙarfi, Ikara da Kudan su riga dillalai: a zauna da masu gonakin bakin gari, a shata hanyoyi da magudanai, a ware makaranta, asibiti, maƙabarta da kasuwa, a bar fadama da burtali yadda suke, sannan manomi ya karɓi rabonsa na fulotai da takarda a maimakon kuɗin kara. Na biyu, a halatta ƙaramin fuloti, a halatta gida mai sassa da ɗakunan haya da shago a gaba, domin irin wannan gida ne ke saukar da kuɗin haya. Na uku, a daina kallon ginin ƙasa a matsayin alamar ci baya. Da ƙasa da azara Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, har masana gini na duniya ke zuwa nazarinsa. A fitar da zane biyu ko uku na ƙaramin gida, a raba kyauta, wanda ya bi ɗaya daga ciki a ba shi izini ba tare da jeka-ka-dawo ba. Na huɗu, hukumar KADGIS da aka kafa a 2015 don rajistar filaye ta riƙa zuwa gunduma-gunduma da kuɗin da manomi zai iya biya. Na biyar, unguwannin da suka riga suka tashi a gyara su inda suke, kada a rushe sai abin da ya tare ruwa ko ya ci haƙƙin jama'a, shi ma bayan sanarwa da shari'a da wurin komawa, kuma jami'in da ya sayar ko ya kau da kai ya ɗanɗana hukunci tare da mai ginin.

Su ma 'yan'uwa matasa akwai nasu aikin, domin su ne masu saye, su ne masu jan igiya, su ne kuma masu kwana a shago. Kada matashi ya miƙa kuɗin da ya tara shekara uku yana tura baro sai ya binciki asalin fili: na gado ne, duk magada sun yarda, ba ya cikin filin makaranta ko na jirgin ƙasa, ba ya ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ba ya kan hanyar ruwa. A rubuta ciniki, a kafa shaidu, a adana takarda. Samarin gari guda da ke ci-rani wuri ɗaya suna iya yin adashi su sayi gona guda tare, su ɗauko mai awo na gaskiya, su nemi amincewar hukuma, su fitar da hanyar da mota biyu za su gifta kafin kowa ya haƙa tushe. Waɗanda suka yi karatu su karanta dokar 1978 su fassara wa iyayensu, don kada a zo a karɓi sa hannunsu a kan abin da ba su fahimta ba. Wanda kuma Allah ya sa dillanci ne abincinsa, ya tuna cewa taƙi ɗaya da ya ci daga hanyar jama'a, za a yi ta tuntuɓe da shi bayan ransa, kuma za a tambaye shi.

Dagatai da masu unguwanni na wannan yanki su sani cewa sa hannunsu amana ce, shugabannin ƙananan hukumomi kuma su sani cewa tara harajin kasuwar rake ba shi kaɗai ne aikinsu ba. Tun ran gini ake zane. Idan ba a kafa turaku a bayan garin Ɗandamisa yau ba, yaran da ke wasan langa a wurin ne za su tashi wata safiya su tarar da jan fenti a bangon ɗakinsu. Allah ya ba marasa muhalli mafita, ya kuma ba masu riƙe da amanar ƙasa ikon sauke ta.